Littafin Sunayen Mamatanmu

Asabar, 13 ga Disamba

Baba ya tambayi littafin.

Ina gyara masa gado, yana kan kujera yana jan carbi, sai ya ce, "Uwata, saura kwana nawa shekara ta ƙare?" Na ce sha takwas. Ya ce to a fito da littafin sunaye ya sha iska, bana akwai wadda za a ƙara. Inna yake nufi. Wata tara ke nan da rasuwarta, har yau bakinsa bai iya cewa ta rasu ba.

Na ce to. Na ci gaba da karkaɗe zanin gado kamar shi ya yi min laifi.

Ni fa tun ina yarinya abin nan yake gundurata. Ranar ƙarshe ta shekara, bayan la'asar, a shimfiɗa tabarma, kowa ya nemi gafarar kowa, sannan a buɗe littafin da Kaka ya fara, a karanto duk wanda ya rasu a danginmu ɗaya bayan ɗaya, muna amin har ƙafa ta yi tsami. In an gama a rubuta na bana a ƙasa. Shekara saba'in da wani abu ana haka. Ni kullum sai na ƙirƙiro tukunya a wuta don in tashi.

Lahadi, 14 ga Disamba

Na duba saman wadirob, ƙarƙashin gado, da akwatin Inna. Babu. Ban san inda yake ba.

Talata, 16 ga Disamba

Da safe ina ɗiga masa maganin ido ya ce, "Ranar da aka kwaso ni daga tsohon gida, wa ya haɗa kwalayen ɗakina? Ba Auta ba ce?"

Na ce eh.

Kuma gaskiya ce, ai. Auta ce ta haɗa su. Ita ta zuba takardunsa cikin kwali, ita ta ɗaure. Ban yi ƙarya ba. Ya ce in kira ta in tambaye ta. Na ce sai na dawo daga aiki, na dawo kuma ban kira ba. Shi ya lalubi wayarsa ya sa Maigida ya danna masa lambarta.

A wurin aiki sau biyu ina manna suna a kwalbar jinin da ba ta mai sunan ba. Allah ya so na gane kafin a kai ɗakin gwaji. Ni da nake yi wa sababbin ma'aikata faɗa a kan haka.

Laraba, 17 ga Disamba

Ciwon kai. Ban ci abincin rana ba.

Juma'a, 19 ga Disamba

Auta ta zo da cikinta wata bakwai, tana tafiya tana dafe ƙugu. Ko ruwa ba ta sha ba ta shige ɗakin ajiya. Ta zazzage kwali huɗu a ƙasa, ta zauna cikin ƙura tana bin takarda ɗaya ɗaya. Na ce ta tashi, ƙura ba ta da kyau ga mai ciki. Ta ce, "Yaya ƙarama, wallahi na tuna na saka shi. Yana ɗaure da igiyar takalmi baƙa. A saman jaridu na ɗora shi don kada ya lanƙwashe."

Na ce ƙila ta manta ne.

Ni na faɗi haka. Da bakina.

Shi kuma Yaya, babban wanmu, ya bugo waya ya wanke ta tas, ina jin muryarsa daga inda nake. Wai sakaci, wai tun tana ƙarama haka take, in an aike ta sayen gishiri sai ta dawo da labari. Abin dariya, Yayan da ya shekara shida bai zauna kan tabarmar nan ba, tun da ya ce ware rana guda don addu'ar mamata ba shi da asali. Baba ya ce masa a lokacin, "Ni ban ce addini ba ne, na ce kada a manta." Yanzu littafi ya ɓace shi ya fi kowa ɗaga jijiyar wuya.

Auta ta tafi idonta jawur. Na cusa mata lemo a jaka. Kamar lemo zai yi wani abu.

Lahadi, 21 ga Disamba

To, bari in rubuta. Ba mai karanta wannan sai ni, kuma ko ni ina ta yi wa kaina kwana-kwana.

Na san inda yake. Ranar kwasar kaya, watan Agusta, mai gidan haya yana tsaye a kanmu yana kallon agogo, motar kaya ta cika, Yaya bai zo ba, Auta ta haɗa kwalaye ta tafi awo asibiti. Ni kaɗai da zufa da haushi. Sai ga mai sayen tsofaffin takardu da baronsa. Na nuna masa kwalaye uku na ce kwashe, kyauta, ni dai in huta da tarkace.

Da ya ɗaga na ukun bakin kwalin ya buɗe. Na ga igiyar takalmin. Na ga bangon nan ruwan ƙasa.

Na gan shi. Ba wai kamar na gani ba. Na buɗe baki zan ce tsaya, sai direba ya danna hon, sai zuciya ta ce min, ke, Inna ta tafi, Baba ba ya gani, wa zai sake zaman nan? Na juya na hau mota.

Wata huɗu ban tuna ba, ko kuma na hana kaina tunawa. Allah ka gani.

Litinin, 22 ga Disamba

Na tashi aiki da wuri na koma tsohuwar unguwa. Mai shagon kan kwana ya nuna min inda masu takarda suke tara kaya, wani fili bayan garejin gyaran mota. Na samu mutumin, ya gane ni ma. Na kwatanta masa littafin. Ya saurara da kyau, mutumin kirki, sannan ya ce, "Hajiya, takarda ba ta kwana bakwai a nan. Mota ke zuwa ta kwashe, a jiƙa ta a niƙa, a yi kiret ɗin ƙwai."

Na tsaya kamar an dasa ni. Rubutun Kaka, rubutun Baba, rubutun Inna da take jan wutsiyar kowane harafi.

Ya ce in yi haƙuri. Ya ce da na zo a satin.

A hanyar dawowa Maigida ya bugo wai in biya in sayo ƙwai. Na kashe wayar.

Laraba, 24 ga Disamba

Na gaya wa Maigida. Ya sosa gemu, sannan ya kawo shawara irin tasa ta mai son zaman lafiya ko ta halin ƙaƙa. Wai tunda Baba ba ya gani, in sayi littafi mai kama da wancan, in rubuta sunayen da na tuna, in ce an same shi a bayan wadirob. Auta ta huta, Baba ya huta, ni in huta.

Na ce masa wannan ai ƙarya ce a kan ƙarya. Ya ce, "To ki faɗi gaskiya." Na ce ya fita min daga kicin.

Da yamma na sayi littafin. Ruwan ƙasa, mai layi. Na zare igiya daga tsohon takalmin Maigida. Na zauna na rubuta. Kaka, Kaka mace, Kawu direba, Goggo mai ɗinki, tagwayen Baffa, malamin da ya yi wa Baba karatu. Na matse kaina kamar ana matse tsumma, talatin da ɗaya na samu. Inna ta taɓa cewa sun haura ɗari.

Shekara arba'in ina jin ana karanta su. Ina can ina juya miyar da ba ta buƙatar juyi.

Alhamis, 25 ga Disamba

Hutu. Na murza bangon littafin da hannu, na ɗora masa tukunya don ya kwanta. Ina yi ina jin kunyar tukunyar.

Juma'a, 26 ga Disamba

Abokiyar aikina, wadda muke teburi ɗaya, tana ta shirin ranar talatin da ɗaya. Su a coci suke tarbar sabuwar shekara. Ta ce kafin ta tafi sai ta share gida kaf, ta wanke labule, ta kira duk wanda suka yi faɗa a shekarar. Wai mahaifiyarta ta ce ba a tsallaka shekara da datti a ɗaki ko a ciki.

Ta tambaye ni mu me muke yi. Na ce ba komai, kwanciya muke. Ta ce na rame. Na ce aiki ne.

Asabar, 27 ga Disamba

Yau ce ta fi kowace.

Ina yanke wa Baba farce a baranda. Ya ce ko an dace? Na ce ana kan nema. Har na shirya bakina in ce ina jin yana bayan wadirob, sai ya riga ni.

Ya ce ko na taɓa lura akwai wurin da yake yin shiru in yana karatu, can wajen tsakiya, mu ce amin ba mu ji suna ba? Na ce eh. Na ɗauka numfashi yake ja.

Ashe kafin Yaya an haifi wani. Namiji. Kwana tara ya yi, an yi suna da kwana biyu ya koma. Inna ba ta taɓa kiran sunansa ba, ɗan fari ne, ga kuma ciwon abin. Da hannunta ta rubuta shi a littafin, ta roƙi Baba kada a riƙa faɗa a fili. Shi ya sa yake karantawa a zuci. Da idonsa ya tafi ita ta karɓi karatun, ita ma a nan take shiru.

Ya ce, "Uwata, tun da Innarku ta tafi nake neman sunan yaron nan a kaina. Ni na raɗa masa shi a kunne. Na nema, na nema, ya ƙi zuwa. Na ce ba komai, yana cikin littafi, ranar ƙarshen shekara ke za ki karanta min a hankali."

Na yanke masa farce har na taɓa nama. Ya janye yatsan.

Na shiga banɗaki na buɗe famfo.

Lahadi, 28 ga Disamba

Na kira Goggo, ƙanwar Baba, ita kaɗai ta rage a sa'o'insa. Sai da na yi ta ɗaga murya kafin ta gane ni. Ta tuna yaron. Ta tuna an yi ruwan sama ranar sunan, rumfa ta faɗi. Ta tuna zanin da Inna ta ɗaura. Suna kuwa ta ce, "Ai yana littafin Babanku, ku duba mana."

Na duba akwatin Inna ko akwai katin asibiti. Turare, carbi biyu, hoton aurensu, maɓallan riga cikin gwangwani.

Litinin, 29 ga Disamba

Ko da na kai masa na bogin, in ya ce karanta min layin nan fa? In ƙirƙiro wa ɗan'uwana suna?

Talata, 30 ga Disamba

Mijin Auta ya kira ni. Ya ce kwana goma ba ta barcin kirki, jininta ya hau, likita ya yi faɗa. Wai in lallashe ta, ni take jin maganata. Ya ce, "Ke ce uwarta yanzu."

Na ce in sha Allahu.

Baba ya ce gobe a shimfiɗa tabarma ko da littafi ko babu. Na goge falo sau biyu. Na bogin yana cikin jakata, na ciro na mayar ya fi sau biyar.

Laraba, 31 ga Disamba

Zan rubuta yadda aka yi tun ban fara gyara labarin ba, don na san halina.

Bayan la'asar muka zauna. Baba a tsakiya da farar riga, Maigida a gefe, Auta ta jingina da bango an sa mata filo. Yaya ya zo, wai maganin Baba ya kawo, ya tsaya a bakin ƙofa da makullin mota a hannu. Jakata tana kusa da ƙafata.

Baba ya fara kamar kullum, ya ce duk wanda ya saɓa wa a shekarar nan ya yafe masa. Muka ce mun yafe. Sai Auta ta fara ƙoƙarin durƙusawa, da wannan cikin, tana dafa bango. Ta ce, "Baba, ka yafe min littafin Kaka. Ni na—"

Na ce, "Ba ke ba ce."

Ban shirya ba. Da na shirya da ban faɗa ba. Muryata ma ba tawa ba ce. Na faɗi komai, baro, kwalaye uku, kiret ɗin ƙwai. Na ciro na bogin na ajiye a tabarma na ce ga abin da na so in yaudare ku da shi.

A waje yaran unguwa sun fara fasa abin wasan wutarsu tun rana ba ta faɗi ba.

Baba ya ce, "Kin gan shi lokacin da aka ɗauka?"

Ga ƙofa a buɗe, in ce ban gani ba, kuskure ne. Na ce na gan shi.

Ya sunkuyar da kai. Carbin ya tsaya a hannunsa. Na fi son ya zage ni, wallahi na fi so. Auta ce ta yi magana, a hankali, ba ta ko kalle ni ba. Ta ce, "Kina tsaye ina tonon kwali. Kika ce ƙila na manta."

Na zuba wa tabarma ido.

Can Baba ya miƙa hannu yana lalube, Maigida ya tura masa littafin. Ya shafa bangon, ya shafa igiyar. Ya ce, "Har da igiya." Ban san ko dariya ya so yi ba. Ya ce nawa na rubuta? Na ce talatin da ɗaya. Ya ce karanta.

Na karanta. Ina kira, suna amin. Da na kai na huɗu sai aka ce daga bakin ƙofa, "Kin tsallake biyu." Yaya ne. Ya faɗe su. Ya ce bayan Kawu direba akwai matarsa, sannan maƙwabcin nan mai gyaran rediyo. Ashe tun yana yaro ya haddace farkon kamar karatu. Ya cire takalmi ya zauna a bakin tabarma, rabi a ciki rabi a waje, yana faɗa ina rubutawa a gefe. Auta ta kawo na shekarun baya-bayan nan, tana faɗa wa Yaya, shi yana faɗa min, don ba ta yi min magana. Baba ya kawo wasu, wasu ya kama rabi ya saki.

Saba'in da huɗu. Sauran sun tafi, kuma ni na tura su.

Da muka zo wajen tsakiya Baba ya ɗaga hannu. Muka yi shiru. Leɓensa yana motsi, ba abin da ya fito. Muka jira, muka jira. Ya ce, "Bar layi ɗaya." Na bari. Muka ce amin.

Sannan Inna. Na miƙa wa Yaya biro, shi ne babba. Baba ya ce a'a, wadda ta zubar ita za ta rubuta, kuma ita za ta riƙe, kuma ita za ta karanta baɗi in ba ya nan. Ban sani ba ko hukunci ne ko yafiya. Na rubuta sunan Inna, hawaye ya ɗiga a kan harafin ƙarshe ya baje.

Na ce, "Baba, ka yafe min." Ya ce, "Na yafe miki nawa. Na yaron nan ba ni ke da shi ba."

Auta ta tafi kafin magariba. Na bi ta har mota na ce ta yafe min. Ta ce ta ji. Ta ja ƙofa.

Alhamis, 1 ga Janairu

Na kira Auta sau uku. A na ukun mijinta ya ɗauka, ya ce ta yi barci tun jiya, barci mai nauyi, bai so ya tashe ta. Alhamdu lillahi ko da wannan.

Da hantsi na kai wa Baba shayi, na tarar da littafin a cinyarsa. Na ce bari in ajiye. Sai na ji kaina ina tambaya wai shi mai gyaran rediyon nan wane ne, me ya haɗa mu da shi? Ya ba ni labari ya fi na rabin awa. Na rubuta kaɗan a gefen sunan da fensir, don kawai kada wurin ya zauna fili. Muka yi na biyu, muka yi na uku. Shayin ya huce na sake dafa wani. Mun tsaya a na bakwai. Ba wani abu ba ne, yau hutu ne, ba ni da aikin yi.

Bayan azahar yana gyangyaɗi sai ya ɗago ya kira wani suna. Na taso da gudu har na yi tuntuɓe da kujera. Ya maimaita shi sau biyu, ya girgiza kai. Ya ce a'a, wannan ɗan Goggo ne. Ya koma barcinsa.

Na kwashe ɗinkin da nake yi daga ɗakina na dawo da shi baranda, kusa da tagarsa. An fi samun haske a nan. Biro yana aljihuna.